Mas'alar Gyaran Makarantu a Jos: Mai Zaɓe, Mai Tuhuma da Mai Biya

Idan aka ɗebe maganar zaman lafiya, babu wata mas'ala daga cikin mas'alolin jama'a da mutanen Jos suka fi yawan komawa gare ta kamar mas'alar makarantu. Domin duk sa'ad da sakamakon jarrabawa ya fito bai yi daɗi ba, ko malaman firamare suka ajiye alli suka zauna a gida, ko kuwa wani gwamna a wata jiha ya sallami malamai dubbai a rana guda, sai ka ji majalisu sun ɗauka, daga teburan masu shayi na titin Bauchi har zuwa zaurukan jami'a, kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Wani ya ce a bar iyaye su kai 'ya'yansu inda ransu ya kwanta, gwamnati ta bi su da kuɗi. Wani ya ce a auna malamai, wanda bai iya ba a nuna masa hanya. Wani ya ce ilmin ne kansa ya zube, takardar shaida ta zama ado. Wani kuma ya rantse cewa ƙungiyar malamai ce ta tokare ƙofar gyara. Waɗannan maganganu ba a nan aka fara su ba, an yi shekaru ana tafka su a Amurka da Ingila. Sai dai wanda ya ɗauko su yadda suke a can ya shimfiɗa a kan Filato, ba tare da ya waiwayi yadda makarantun garin nan suka samo asali ba, ya yanke hukunci ke nan kafin ya saurari shaidu.

Jos gari ne da kuza ta tara mutanensa a farkon ƙarni na ashirin, inda Hausawa da Yarabawa da Ibo da Turawa suka zo suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa; kuma tun da yake ƙasar ba ta cikin masarautun da Turawan mulki suka taƙaita wa 'yan mishan shiga, sai ilmin boko ya shigo ta a hannun coci tun da wuri. Mishan ɗin SUM ya sauka a Wase a 1904, ya kafa cibiyar horon malamai a Gindiri a 1934, wadda daga baya ta haifi makarantun sakandare da suka yi suna. Gwamnati ta buɗe tata makarantar horon malamai a Toro a ƙarshen shekarun 1920. An kafa makarantar Hillcrest a 1942 domin 'ya'yan 'yan mishan. Sa'an nan daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 aka sami St. Murumba da St. Louis da St. John's da makarantar Baftis a cikin garin. A ɗaya gefen kuma, makarantun allo da na zaure ba su taɓa yankewa ba a unguwannin Musulmi, Islamiyyu suka biyo baya, har ƙungiyar Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a nan Jos a 1978, ta mai da gina makaranta ɗaya daga cikin manyan ayyukanta. Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne, ba a taɓa yin zamanin da makaranta iri guda ta mallake garin nan ba. Zaɓi daɗaɗɗe ne a Jos, sai dai tun asali yana bin sawun addini da aljihu.

Hannun hukuma ya fara ƙarfi ne bayan dokar ilmi ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ta kafa hukumomin ilmi na En'e, kuma daga nan ne sunan LEA da ke rubuce a jikin makarantun firamare har yau ya samo asali. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE a watan Satumba na 1976, shekarar da aka yanke Jihar Filato daga Binuwai-Filato, yaran da suka cika harabobin makarantu sun zarce ƙiyasin da aka yi nesa ba kusa ba, sai aka shiga horon malamai na gaggawa, aka miƙa alli ga wanda jiya-jiya ya ajiye littafin ɗalibta. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, albashi ya fara makalewa, aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka maido da ita a 1993, kana aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin kowace jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Sakamakon wannan kai-da-komo shi ne tsarin da muke ciki yanzu, wanda tarayya ke tsara manhaja, hukumar SUBEB ta jiha ke riƙe da ragamar malamai da gine-gine, ana cire albashi daga kason ƙaramar hukuma, sakataren ilmi na ƙaramar hukumar yana lura da rabon malamai, shi kuwa uban da ɗansa ya kai aji biyar bai iya haɗa baƙi ba, ba ya da wata ƙofa guda da zai ƙwanƙwasa a ce masa ga mai alhakin. A ganina a nan jijiyar mas'alar take, sauran duk rassa ne.

Masu da'awar zaɓi suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Asalinta a zamanin nan yana komawa ga masanin tattalin arzikin Amurka Milton Friedman, wanda ya ba da shawara a 1955 cewa gwamnati ta riƙa biyan kuɗin karatun yaro ba tare da lalle ita ce ke gudanar da makarantar ba, ta ba uba takardar kuɗi ya kai inda ya ga dama, ta yadda makarantar da ta lalace za ta rasa ɗalibai, ta gyara ko ta rufe. Ƙasar Chile ta ɗauki wannan hanya a 1981, Jihar Minnesota ta yi dokar makarantun yarjejeniya a 1991, wato waɗanda gwamnati ke biyan kuɗinsu wasu kuma ke gudanar da su, sauran jihohin Amurka suka bi. Mu ma wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin uban da ke kai ɗansa makarantar allo shi yake zaɓen malam da kansa, ya san gidansa, ya san wanda ya karantar da shi, yana biyan kuɗin Laraba hannu da hannu, in kuwa ya ga shekara ta zagayo allon yaro bai motsa ba, sai ya ɗauke shi ba tare da ya rubuta wa kowa takarda ba. Har Imamu Zarnuji ya keɓe fasali guda a littafinsa Ta'alimul Muta'allim a kan zaɓen ilmi da malami da abokin karatu. To amma Chile ɗin da ake kafa hujja da ita, bayan shekaru talatin da wani abu ta ga makarantunta sun rarrabu bisa arzikin iyaye, ɗalibai suka cika tituna da zanga-zanga, har aka yi doka a 2015 da ta hana makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati neman riba da tankaɗe ɗalibai.

A Jos kuwa akwai wani abu da littattafan masu wannan ra'ayi ba su san da shi ba. Tun daga rikicin Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, garin ya rabu gida biyu a wajen zama, mutanen Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos suka tattaru wuri guda, na Unguwar Rukuba da Jenta da Kabong suka tattaru wani wurin, kuma uwa ba ta tambayar wace makaranta ce ta fi iya koyar da lissafi kafin ta tambayi wace hanya yaronta zai bi ya dawo in gari ya rikice da tsakar rana. Malamai ma da yawa sun nemi a sauya musu wurin aiki saboda wannan dalili. Sai makarantun kuɗi suka tsiro a kowane lungu domin cike gurbin, wasunsu nagartattu ƙwarai, wasu kuwa gidan haya ne aka cire gadaje aka jera benci, falo ya zama aji ɗaya, ɗakin girki ya zama ofishin hedimasta, yara na hutun tara a kan barandar da ba ta fi tabarma uku ba. Duk da haka mai sayar da gwanjo da mai tuƙa Keke Napep suna matse cikinsu su biya kuɗin zango, saboda aƙalla in malam bai zo ba akwai mai makarantar da za a tsare a bakin ƙofa. Wannan ba wauta ba ce, hankali ne. Illarsa ita ce duk wanda ke da murya ya fice daga makarantar gwamnati, ɗan kasuwa ya fice, ma'aikaci ya fice, kansila ya fice, kai har malamin makarantar gwamnatin kansa sau da yawa 'ya'yansa suna ta kuɗi, aka bar ta ga marayu da 'ya'yan waɗanda ba sa iya ɗaga waya su kira kowa. Kuma a cikin wannan ficewa aka yi asarar wuri guda da ɗan Musulmi da ɗan Kirista suke zama a benci ɗaya su san sunan juna.

Shi ya sa maganar mayar da makarantun da gwamnati ta karɓe ga masu su na asali, wadda Legas ta yi a 2001, Gwamna Peter Obi kuma ya yi a Anambra a 2011 inda ya miƙa wa coci-coci makarantun firamare fiye da dubu tare da ci gaba da biyan albashi, ba za a kwafo ta nan ido rufe ba. Anambra jiha ce da kusan kowa Kirista ne. A garin da makarantar unguwa ita ce kaɗai mafakar yaron da ba ya bin addinin mai makarantar, dole a fara da tambayar wa zai tsare masa haƙƙinsa.

Sai maganar muhasaba, wadda ta fi kowace zafi, kuma babu inda aka gwada ta a fili kamar maƙwabciyarmu Kaduna. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta sanar cewa 21,780 ba su sami maki 75 cikin 100 ba, ta sallame su, ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, yajin bai daɗe ba ya karye. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357, cikinsu har da shugaban ƙungiyar na ƙasa, Audu Amba, bisa cewa bai zauna jarrabawar ba. Wanda ya ga hotunan wasu daga cikin takardun amsar da aka watsa a lokacin ba zai iya cewa babu matsala ba, kuma duk mai adalci ya san cewa barin yaro shekara shida a hannun wanda bai iya abin da yake koyarwa ba zalunci ne da ba a iya ramawa, tun da ƙuruciya ba ta dawowa. Ƙungiyar ta yi jayayya cewa hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke da hurumin auna malami, ba gwamnan da ke biyansa ba, kuma wannan magana tana da fuska. Amma tambayar da ta fi damuna ba ta cikin abin da ɓangarorin biyu suka fi ɗaga murya a kai. Waɗannan mutane dubu ashirin ba ta taga suka shiga aji ba. Akwai kwalejin da ta ba su takardar shaida, akwai jami'in da ya sa hannu a takardar ɗaukarsu, akwai ɗan siyasar da ya aiko da sunayensu a matsayin kasonsa, akwai sufeton da ya yi shekaru yana rubuta cewa komai lafiya. To, muhasabar da ta sauka a kan na ƙasa kaɗai, ta tsallake duk waɗannan, za ta share ɗaki ne ta bar ƙofar da ƙurar ke shigowa a buɗe.

Akwai kuma hatsarin da ke tattare da rataya komai a wuyan sakamakon jarrabawa. Ingila ta gwada biyan makarantu gwargwadon yawan yaran da suka ci gwajin sufeto tun 1862, ta ga malamai sun koma horon hadda tsagwaronta, daga baya ta watsar. Amurka ta yi dokarta ta 2002 wadda ta ɗaure makomar makaranta da makin ɗalibai, sai ga shi a birnin Atlanta an kama malamai da shugabanni suna goge amsoshin yara suna gyarawa, har kotu ta ɗaure wasu a 2015. Mu ba ma buƙatar zuwa Atlanta. Kowa ya san cibiyoyin nan da ake kai yara ƙauye su rubuta WAEC ko NECO, inda ake biyan kuɗi na musamman a rubuta amsa a allo, yaro ya dawo da sakamako mai ƙyalli wanda shi kansa ba ya iya karanta shi da kyau. Makarantar kuɗin da ke tallar cewa ɗalibanta duka sun ci, kasuwa ce ta tura ta, domin abin da uba yake iya gani da idonsa takarda ce, ba abin da ke cikin kan yaro ba.

Nan ne maganar mizani take shigowa. Malamanmu na zaure ba su san maki ba, amma sun san ijaza, wato malami ya sa sunansa da mutuncinsa a kan cewa wane ya karanci littafi kaza a gabansa kuma ya fahimta, ta yadda in ɗalibin ya kunyata, kunyar har gidan malamin take zuwa. Tsofaffin malaman boko da suka fito daga Toro da Gindiri da takardar daraja ta biyu suna da wani abu makamancin haka, saboda an horar da su ne musamman domin ajin firamare, sufeto kuma yana iya dirowa ba sanarwa ya buɗe littafin shirin darasi ya ɗaga yaro ya sa shi karatu. An ɗaga mafi ƙarancin shaidar malanta zuwa NCE, an rufe kwalejojin daraja ta biyu, abin da a takarda ci gaba ne. Amma muddin kwalejin ilmi ita ce inda ɗalibi ke zuwa bayan ya rasa gurbi a ko'ina, sufeto kuma ba shi da man babur da zai kai shi makarantar bayan dutse, to an ɗaga sunan mizani ne kawai. Mizanin da ya kamata a fara da shi ƙarami ne, kuma kowace uwa tana iya gane shi: yaron da ya gama aji uku ya karanta gajeren labari da harshen da yake ji, ya faɗi abin da ya fahimta, ya yi lissafin canjin da za a ba shi a kanti.

Ita kuwa ƙungiyar malamai, wadda ake yawan zargi, tana da tarihin da ya cancanci girmamawa. An kafa NUT a Legas a 1931 ƙarƙashin jagorancin Rabaran Ransome-Kuti, Malam Aminu Kano kuma ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, a zamanin da malamin En'e ba ya da bakin magana a gaban hukuma, kafin ƙungiyoyin su haɗe a 1972. Wanda ya ce malamai su yi haƙuri ladansu na Lahira, bai karanta fiƙihu ba, domin malaman Malikiyya tun zamanin Ibnu Sahnun na Ƙairawan, mai littafin Adabul Mu'allimina, sun ɗauki karantarwa a matsayin ijara mai sharuɗɗa a kan ɓangarori biyu: a biya malami ujurarsa cikakkiya a kan lokaci, shi kuma ya lazimci yaran, ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, kada ya shagala da wata sana'a a lokacin darasi. Mutanen Filato ba su manta da 2012 ba, lokacin da ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare suka yi watanni suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 18,000, gwamnatin Jonah Jang ta tsaya a kan cewa ba aiki ba biya, makarantu suka zauna a kulle, ciyawa ta rufe filayen wasa, yara suka koma talla da wuraren haƙar kuza, wasunsu kuwa ba su sake komawa aji ba. Malamin da ake bin sa bashi a kantin unguwa, wanda ya koma yin acaɓa da yamma domin ya ciyar da gida, ba a yi masa adalci ba in aka zo masa da takardar gwaji kafin a zo masa da haƙƙinsa.

Amma sharaɗin ijara biyu ne, kuma a nan ne nake ganin ƙungiyar ta gaza. Ta ƙware wajen neman ujura, ta samu dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65 ko shekara 40 ta aiki, amma ba a cika jin ta tana tuhumar ɗanta da ke sa hannu a rajista ya wuce kasuwa ba, ko wanda ya ɗauki hayar wani ya riƙa shiga aji a madadinsa. Da ita ce ta fara fito da nata ma'aunin, ta ce ga wanda muka yarda malami ne, ga wanda za a ba shekara guda ya koma horo, ga wanda ba ma tsaya masa, da babu gwamnan da zai sami damar yi wa 'ya'yanta kuɗin goro. Haka nan dubban malaman makarantun kuɗi, waɗanda da yawansu ke karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, ana kuma sallamarsu da baki ranar da mai makaranta ya ga dama, kusan babu mai magana da yawunsu, alhali a hannunsu yaran garin da yawa suke.

Abin da nake ganin ya fi kusa da maslaha shi ne a kiyaye tartibi. A fara da biyan albashi a kan kari, a hana 'yan siyasa rabon guraben malanta, a maido da sufeto mai zuwa ba sanarwa wanda zai shiga makarantar gwamnati da ta kuɗi da Islamiyya da ta mishan da ma'auni ɗaya, a liƙa abin da ya gani a ƙofar makaranta inda iyaye za su karanta. Bayan haka sai a yi gwaji, a horar da mai horuwa, a sallami wanda ya ƙi, tare da wanda ya ɗauke shi. Kwamitocin gudanar da makaranta na unguwa, waɗanda aka amince da kafa su a faɗin ƙasa tun tsakiyar shekarun 2000, za su iya zama ƙofar da uba zai ƙwanƙwasa, in an ba su ikon ganin rajistar zuwan malamai da kuɗin da ya shigo, maimakon a riƙa tuna su sai ranar da iska ta yaye rufin kwano.

Yanzu kuma ga wani sabon babi ya buɗe. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, abin da jama'a da yawa suka yi murna da shi; amma NUT ta nuna fargaba, domin tsofaffin malamai suna tune da farkon shekarun 1990, lokacin da aka bar albashinsu a hannun shugabannin ƙananan hukumomi aka yi ta tara musu bashi. A Abuja, inda majalisun yankuna ke biyan malaman firamare, an kwashe fiye da wata uku a 2025 makarantu na rufe a kan sabon albashi na Naira 70,000. Filato tana da ƙananan hukumomi 17, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma ta Jos ta Arewa, wadda yawan yaranta ke ƙaruwa kowace shekara, tana cikin waɗanda nauyin zai fi dannewa in aka sakar mata albashin malamai ba tare da an fayyace a rubuce wanda za a kama in wata ya ƙare ba a biya ba.